Motar da Luan Guizhi ta bari ta wuce

Luan Guizhi ba mace mai sakaci ba ce, duk wanda ya yi aiki da ita ya san haka. An haife ta a rukunin gidajen ma'aikatan mai da ke arewa da birnin Daqing, tun gidajen suna na ƙasa, rijiyoyin man kuma sababbi. Ubanta mai haƙar rijiya ne, uwarta tana wankin kayan ma'aikata. Da ta gama makaranta aka ɗauke ta a ɗakin girkin kamfani, ta yi shekaru tana feren dankali, har aka rufe ɗakin girkin aka rarraba matan. Waɗansu aka sallame su, waɗansu aka ba su tsintsiya. Ita aka tura ta ƙofar juji, domin shugabar girki ta ce ba ta taɓa ganin Guizhi ta ajiye wuƙa ba ta wanke ba. A lokacin mijinta ya riga ya mutu, giya ce ta cinye masa hanta. Ɗansu guda ya tafi kudu neman aiki, yana bugo waya idan ya tuna.

Jujin rami ne babba da aka shimfiɗe da baƙar leda mai kauri. Nan ake kawo abin da rijiyoyi suka amayar, wato lakar haƙa da tsakuwa da ƙasar da mai ya ɓata. Iyakar abin da aka yarda ya shiga ke nan. Dauɗar gindin tanki, da ruwan asid da ake wanke rijiya da shi, da duk abin da ke fitar da iska mai guba, wani wuri ake kai su can nesa. Masu kaya sun san nisan, sun kuma san laka tana rufe abubuwa da yawa. Shi ya sa aka ajiye mutum a ƙofa.

Idan tipa ta tsaya, Guizhi takan hau tsani da dogon rodi mai cokali a baki, ta ɗebo daga gaba, ta ɗebo daga tsakiya da baya, ta zuba a kwalba mai murfi. Sai ta zura hancin wata na'ura a ciki, ta kuma tsoma ɗan tsinken takarda da ke canza launi. In na'ura ta yi kuka, ko takarda ta yi ja, mota ta juya. Ba ta karɓar taba, ba ta karɓar magiya. Direbobi suka sa mata Suruka, a bayan idonta da farko, daga baya a gabanta, ita ma har tana amsawa.

Da hunturu aikin yakan canza. Laka takan iso a daskare kamar dutse, sai da ɗan gatari ake ɓallo ta. Abu daskararre kuwa ba ya wari, ba ya jiƙa takarda, ko guba ce zalla na'ura shiru za ta yi. Dole a rufe kwalbar a ɗora a gefen murhun kwal da ke ɗakin ƙofa, ta narke, a fita da ita waje sannan a auna. Murhun kuma ɗaya ne. Da tsakar rana kowa yakan jera kwanon abincinsa a kai ya yi zafi, kuma Guizhi da kanta ta kafa doka tun ranar da ta zo: muddin akwai abinci a kan murhu, kwalba ba ta hawa. Motar da ta iso a lokacin cin abinci sai ta jira.

Cikin masu jera kwano akwai Chi Manku, direban katafilar da ke tura laka cikin rami yana rufewa da ƙasa. Ya girme ta kaɗan, gajere ne mai faɗin ƙirji, ba ya rabuwa da tafarnuwa a aljihu. Kowa Tsoho Chi yake ce masa. Shi kuma Shugaba yake ce mata, ko da yake ba ta shugabancin kowa sai rodi.

Ranar da abin ya faru ana gab da bikin sabuwar shekara ne. Sanyi ya kai har gashin hanci yana daskarewa. An gama jera kwanoni ke nan sai ga tipar Bian na Huɗu, wani dogon direba mai surutu, ɗa na huɗu a gidansu, yana danna hon tun daga nesa.

"Suruka! Suruka ta gari, fito ki sallame ni."

"Abinci na kan wuta," in ji Guizhi daga bakin ƙofa. "Kashe mota ka jira."

"In kashe mota a wannan sanyin? Ke za ki tura min ita? Haba Yaya. Tun safe aka yanka alade a ƙauyenmu, uwata ta ce ba za a taɓa tukunya ba sai na zo. 'Yan'uwana uku suna can suna zagina."

"Sun daɗe suna zaginka, yau ka fara damuwa?"

"Daga wurin da na kawo jiya ne fa. Laka ɗaya ce, ke kika auna ta da hannunki."

Ta hau tsani tana mita, ta sari gefen kayan. Abin da ya ɓallo baƙi ne kamar kullum, amma da wani zane rawaya-rawaya a jikinsa. Ta gan shi sarai. Ta jefa a kwalba ta leƙa ɗaki. Tsoho Chi ya cire takalma ya miƙa ƙafafu wajen murhu.

"Shugaba," ya ce ko juyowa bai yi ba, "kika kawo wannan kashin kusa da kwanona, na rantse zan binne ɗakin nan da ke a ciki."

Ta ja ƙofar ta rufe. A waje, cikin iska, ta buɗe kwalbar ta ɗora hancin na'ura a kan daskararren curin. Na'ura ta yi shiru, kamar yadda ta san za ta yi. Bian yana buga ƙafa yana hura hannu. Ta ɗaga masa sandar ƙofa.

"Wuce. Ka gaida tsohuwa."

"Ke ce uwata ta biyu!" ya ce, ya ja mota.

Ta tura kwalbar ƙarƙashin benci da niyyar ta ɗumama ta bayan an sauke kwanoni, don dai ranta ya kwanta. Aka ci abinci. Tsoho Chi ya raba tafarnuwa, aka yi gardamar wanda zai yi gadi ranar biki, motoci suka sake yin layi. Ta manta.

Wajen la'asar tana zaune ita kaɗai, na'urar da ke rataye a ƙusa ta fara kuka. Ta zaci batir ne. Sai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya bugi hancinta. Ɗumin ɗakin ya narkar da abin da ke ƙarƙashin benci, murfin bai rufu sosai ba, ruwan yana tsatsafo da kumfa. Ta riƙe numfashi, ta fita da kwalbar a guje, ta ajiye a kan dusar ƙanƙara ta tsoma takarda. Takardar ta yi ja kamar an tsoma ta a jini.

Ta ɗaga kai ta dubi rami. Tsoho Chi ya riga ya tura kayan Bian zuwa kusurwar arewa, inda ramin ya fi zurfi, waɗansu motocin sun zuba nasu a kai, yanzu yana jan ƙasa yana rufewa. Waya tana nan a jikin bango, taku biyu daga inda take. Ta tsaya tana kallonta.

Abin da ta gaya wa kanta shi ne, kayan a daskare suke, kuma a daskare za su zauna har watan Afrilu. In ta buga waya yanzu za a hana kowa hutun biki, a sa a tono kusurwar a cikin wannan sanyin. Gara bayan biki. Wannan duk gaskiya ne. Amma akwai abin da ba ta gaya wa kanta ba: tambayar farko da za a yi mata ita ce ko ta ɗumama kwalbar. Hotonta ya yi shekaru a cikin gilashi a ofis a matsayin gwarzuwar ma'aikata, da jar fulawa a ƙirji. Kora ba ta dame ta sosai ba, ritaya ta kusa. Abin da ba za ta iya haɗiyewa ba shi ne direbobin da ta sha juyawa daga ƙofa su ji cewa Suruka ta auna ƙanƙara.

Ta zuba ƙasa a kwalbar ta jefa a ganga, ta bar ƙofa a buɗe har warin ya fita.

Biki ya zo ya wuce. Ta ci abincin bikin ita kaɗai a gaban talabijin, ko ɗanɗanonsa ba ta ji ba. Aka dawo aiki. Kowace safiya motar kamfani takan bi ta gefen ramin, ita kuma takan zauna a ɓangaren da za ta ga kusurwar arewa. Fara fat take, lumui, ba abin da ke motsi. Ta san abin da ke ƙarƙashi, ta kuma san wanda ke hawa kansa kullum da katafila.

Sau ɗaya ta je ofis. Manajan, wani matashi mai tabarau, ya tashi ya zuba mata shayi da kansa.

"Gwaggo Luan, dama ina nemanki. Za a kawo sababbin ma'aikata a ƙofar ɗaya jujin, na ce ba mai koya musu sai ke. Na ce musu in suna son su ga yadda ake aiki su zo su tsaya bayanki. To, me ke tafe da ke?"

Ta dubi shayin.

"Kwal ɗinmu ya kusa ƙarewa," ta ce.

Daga nan sai ta koma kan Tsoho Chi. Ta fito da takunkumin roba da ke rataye tun bara ba mai taɓa shi, ta wanke, ta sa masa sabon mataci, ta ajiye masa a kan kwanonsa.

"Mene ne wannan?"

"Ka riƙa sawa in za ka gangara."

"In sa wannan in zama kamar alade? Shekara nawa ina shaƙar ramin nan, ga ni garau. Tafarnuwa ta fi shi aiki."

"To ka rabu da kusurwar arewa. Ƙasar wajen ba ta da ƙarfi, za ta zurma da kai."

"Ku ji mana," ya ce wa sauran. "Shugaba ta fara koya min tuƙi. Ƙasar da ta daskare har tsayin mutum ce za ta zurma? Ke dai faɗi gaskiya, Guizhi. In sona kike yi, ki je ki nemi izini wajen Yulan, ita ke riƙe da makullin."

Aka yi dariya, ita ma ta buɗe baki kamar tana yi. Yulan matarsa ce, mace mai kaifin harshe da ke sayar da tofu, wato awara, a bakin kasuwa. Tsoho Chi ya rataye takunkumin a cikin katafila don a zauna lafiya, can ya zauna yana lilo.

Kullum tare suke cin abincin rana. Kullum maganar takan zo mata har maƙogwaro, sai wani ya shigo, ko shi ya fara wani labari, ko kuma ba abin da ya faru sai dai ba ta faɗa ba. Tun tana cewa bayan biki, ta koma cewa ƙarshen wata. Da tafiya ta yi tafiya sai wani sabon abu ya ƙaru a kan na farko, domin yanzu in ta yi magana za a tambaye ta me ya sa ta yi shiru tun tuni. Ta rame. Matan unguwa suka ce shekaru ne.

A ƙarshen Maris iska ta juyo daga kudu. Ƙanƙarar da ke rataye a bakin rufin ɗakin ƙofa ta fara ɗiga. Wata safiya kafin motoci su fara zuwa ta ɗauki na'ura ta gangara ramin da ƙafa, ta tsaya a kusurwar arewa, ta sunkuya ta kai hancin na'urar ƙasa. Shiru. Da safe ne, ƙasa ta sake daskarewa cikin dare, ta san haka kamar yadda ta san sunanta. Duk da haka ta hauro da sauƙi a ranta. Ta yanke cewa ranar Litinin, a taron mako, za ta miƙe ta faɗa a gaban kowa.

Ranar Asabar rana ta fito da ƙarfi. Da hantsi ruwa ya fara gudu a kan hanya. Guizhi tana kan tsani tana ɗibar samfur, daga nan ana ganin ramin gaba ɗaya. Katafila tana kusurwar arewa. Ta tsaya. Tsoho Chi ya sauko, ya zagaya, ya durƙusa yana jan wata waya da ta naɗe a sarƙar ƙafa. Sai ta ga ya dafa ƙasa da hannu biyu kamar mai neman abin da ya faɗi. Sai ya kwanta.

Ba ta san yadda ta sauko daga tsanin ba. Bian na Huɗu ne ya fi kowa kusa, ya gama juye kaya ke nan, har ya fara gudu wajen.

"Bian! Tsaya! Iskar guba ce! Kada ka sunkuya! Cika ƙirjinka a nan, ka riƙe, ka ja shi ta ƙafa!"

Ya ji ta. Ya shiga da kumatu a kumbure, ya kamo ƙafafun Tsoho Chi ya jawo shi a ƙasa kamar buhu har kan tudu, sannan shi ma ya zube yana amai. Guizhi ta iso ta danna ƙirjin tsohon tana hura masa iska a baki har motar asibiti ta zo.

Bai mutu ba. Ya yi makonni a kwance, ya fito da huhun da ba ya cika, da hancin da ba ya jin warin komai. Magana ma sai ya laluba kafin ya kamo kalma. Katafila kam ya bar ta har abada.

Aka zo bincike da fararen riguna, aka tone kusurwar, aka bi sawun kayan har wajen ɗan kwangilar da ya zuba ruwan asid da dauɗar tanki a ƙarƙashin laka. Shi aka kama. Bian bai san abin da ya ɗauko ba, aka sake shi. Da aka zo kan ƙofa, manaja ne ya amsa, ya ce kaya daskararru suna da wuyar ganewa, kuma mai tsaron ƙofarsu ba a taɓa samunta da kuskure ba. Ba wanda ya juyo ya tambaye ta ko ta ɗumama kwalba. Likita ya ce da Bian ya sunkuya da gawa biyu za a ɗauko, kuma basirar matar nan ce ta cece su. Ba wanda ya yi mamakin yadda ta gane iskar guba ce tun daga kan tsani. Aka sayo akwatin ɗumama samfur mai aiki da lantarki. Da ta yi ritaya a ƙarshen shekarar aka tafa mata a tsaye.

Gidan bene ɗaya suke zaune da su Tsoho Chi, irin tsofaffin gidajen kamfani da ba su da lif. Ita tana ƙasa, su suna hawa na biyar. Ta cikin bangonta takan ji shi yana hawa. Yakan taka kaɗan ya tsaya, numfashinsa yana kuka kamar tsohon famfo, Yulan tana bayansa da kujerar ninkewa tana buɗe masa a kowane hawa. Daga baya ya rage saukowa, sai ranar asibiti. Guizhi ta yi hunturu biyu tana sauraron wannan.

Wata rana da hantsi ta hau ta ƙwanƙwasa musu. Yulan ta buɗe da ludayi a hannu. Tsoho Chi yana zaune bakin taga da bargo a gwiwa.

"Shugaba," ya ce a hankali. "Kin ɓata hanya?"

Ta ƙi zama. Ta fito da makullai ta ajiye a kan tebur.

"Mu yi musaya. Ku koma ƙasa, ni in dawo nan. Girman ɗaya ne."

Yulan ta dubi makullan, ta dubi Guizhi tun daga takalmi har kai.

"Ke da gwiwarki ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa? Yaya Luan, na yi shekara talatin a kasuwa. Ba mai ba da gidan ƙasa don kirki. Me kika yi masa?"

Guizhi ta faɗa, a tsaye, ba ta rage komai ba. Ta faɗi zanen rawayan da ta gani, da ƙanƙarar da ta auna, da na'urar da ta yi kuka da la'asar, da zuwanta ofis. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce a yafe mata ba.

"Tun kafin biki," in ji Yulan.

"Tun kafin biki."

"Har Maris. Kina zaune kusa da shi kina cin abinci."

"E."

Tsoho Chi ya daɗe yana motsa baki kafin maganar ta fito.

"Ashe dalilin takunkumin ke nan," ya ce. "Ni kuwa har na fara aske gemu."

Ba wanda ya yi dariya. Ya juya fuskarsa wajen taga. Yulan ta ajiye ludayi, ta ɗauki makullan ta sa a aljihun gaba.

"Ranar Lahadi za mu sauko. Ki kwashe labulenki, ba na son launinsu."

Kafin Lahadin ta zo duk gidan benen ya ji, kafin wata Lahadin labarin ya kai ƙofar juji. Yulan ba ta ƙara gishiri ba, ba ta kuma rage ba. Waɗansu suka ce a kai maganar ofis, waɗansu suka ce me za a samu a jikin tsohuwa. Bian na Huɗu ya gamu da ita a tashar bas, ya buɗe baki zai ce Suruka, sai ya rufe ya dubi wani wajen. Ɗanta ya bugo daga kudu yana faɗa, wai wace irin wauta ce mutum ya ba da gidan ƙasa a wannan shekarun. Ta ce masa an riga an yi.

Yanzu Tsoho Chi yana fita da ƙafarsa ya zauna a rana tare da masu dara. Guizhi tana saukowa sau ɗaya a yini, ta wuce ta gabansu zuwa kasuwa. Wata rana yakan ɗaga mata hannu, wata rana ba ya ɗagawa. Shinkafa takan saya kilo biyu-biyu, domin abin da za ta iya hawa da shi ke nan.